Buhun Siminti Da Dodon Koɗi

Masu karatu, ku yi mini afuwa, yau ba labarin soyayya na zo da shi ba.

Shekara uku ke nan ina tara kuɗin littattafaina don in gina ɗaki biyu. Ranar da aka sauke mini buhunan siminti, murna ta hana ni zama. Ina cikin ƙirga su sai babban ɗana, mai karatun labarin ƙasa, ya ce, "Umma, kin san wannan garin a da dutse ne, kuma gidan wasu ne?"

Na ce, "Gidan wa, aljanu?"

Ya yi dariya, ya zaunar da ni. Ashe da dutsen farar ƙasa ake yin siminti. Shi wannan dutse ruwan sama na cinsa a hankali, shekaru dubbai, har ya rarake cikinsa ya bar koguna da ramuka da ƙoramu masu gudu a ƙarƙashin ƙasa. A kogunan jemagu ke kwana, kashinsu ne abincin kyankyasai da gyare, su kuma gizo-gizo ya ci su. Kowa da rabonsa a cikin duhu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani tsauni a jihar Pahang ta ƙasar Malesiya, Bukit Panching. Akwai wani dodon koɗi da ke jikinsa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da sinadarin dutsen yake gina ɓawonsa, don haka ba ya iya ratsa daji ya koma wani tsaunin. Duk duniya nan kaɗai yake. Masu fasa dutse suka yi ta cin tsaunin har ya ƙare wajen 2007. A 2014 masana suka sa shi cikin halittun da suka shuɗe.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ni da na sha kashe jarumai a littafi, na sa ku kuka, ban taɓa tunanin a shafe zuri'a guda don a samu abin shafe bango ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ginin bai tsaya ba, ina da 'ya'ya kuma haya ta ishe ni. Amma yanzu in magini ya bar kwaɓi ya bushe a ƙasa, faɗa muke yi, har ya fara ce mini Hajiya mai ƙwauro. Ban gaya masa dalili ba.

Sai mun haɗu a ci gaban littafinmu.