Sepulveda, Inda Ake Koyon Jinyar 'Yan Mazan Jiya

Idan ka bar tsakiyar birnin Los Anjeles ka hau babban titi mai lamba 405 ka nausa arewa, sai ka tsallake tsaunuka ka gangara kwarin San Fernando, inda zafin bazara ya fi na bakin teku tsanani. A nan cibiyar Sepulveda take, kan titin Plummer, ɗaya daga cikin wuraren da ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ke duba lafiyar 'yan mazan jiya. Fili ne mai faɗi, ga ciyawa ga inuwa, ga tsofaffin gine-ginen bulo na zamanin da aka buɗe asibitin a 1955. Babban ginin kwantar da majinyata kam babu shi. Girgizar ƙasar Northridge ta 17 ga Janairun 1994 ta lalata shi, aka rushe, aka gina wurin ganin likita na je-ka-dawo. Gefe guda kuma akwai gidan jinyar waɗanda tsufa ya kwantar.

A ɗakin jira hulunan mutane ke ba ka labarinsu. Yawanci an rubuta Biyetnam a goshin hular, ɗaiɗaiku Koriya. Wani na dogara sanda, wani na tura keken guragu, kunnuwa da dama da na'urar ƙara ji, domin ƙarar bindiga da ta injin jirgi ba sa barin kunne lafiya. Wata dattijuwa na zaune kusa da mijinta, riƙe da jaka cike da kwalaben magani. Ita na fi kallo, don kusan duk abin da ake koyarwa a wurin nan yana cikin jakar tata.

Tun 1975 ma'aikatar ta hango cewa Amurkawa miliyan 16 da suka sa kaki a Yaƙin Duniya na Biyu za su tsufa kusan lokaci guda, alhali likitocin da suka san ciwon tsufa ba su taka kara sun karya ba. Sai ta kafa cibiyoyin da suka haɗa bincike da koyarwa da jinya, waɗanda ake kira GRECC a taƙaice. Yau guda 20 ne, kowace haɗe da wata jami'a. Ta Sepulveda na cikin na farko-farko, kuma da jami'ar UCLA take aiki.

Abin da ya fito da sunan wurin wani ɗaki ne mai gado 15. Dakta Laurence Rubenstein da abokan aikinsa suka riƙa karɓar dattawa masu rauni da aka gama yi wa magani a asibiti, suna dubansu a tsanake, likita da nas da jami'in jin daɗin jama'a tare. Yana iya wanka da kansa? Ya taɓa faɗuwa? Yana mantuwa, ko baƙin ciki ne ya rufe shi? Magani nawa yake sha, wanne za a daina? Wa ke gida da zai kama masa? A 1984 suka buga sakamakon gwaji kan mutum 123. Cikin shekara guda kusan kashi 24 cikin ɗari na waɗanda suka bi ta ɗakin suka rasu, a rukunin waɗanda ba su bi ta ɗakin ba kuwa kashi 48. Babu sabon magani a ciki, babu wata na'ura mai tsada. Tambaya ce da haƙuri, da kuma mutanen da aka koya wa abin da za su tambaya.

Abin da ya ƙara mini ganin girman aikin shi ne ma'aikatar ba ta tsaya kan wannan nasara ba. A 2002 aka fitar da wani gwaji mafi girma, a asibitocin tsofaffin sojoji 11, kan mutum 1,388. Wannan karon ba a ga bambanci a yawan masu rasuwa ba. An dai ga cewa waɗanda suka kwanta a irin ɗakin sun fi fita da ƙarfin yi wa kansu hidima. Ga dattijon da ke tsoron ranar da sai an ɗaga shi zuwa bayi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu masu bincike a nan sun ba da ƙarfi kan faɗuwa da rashin barci. Tsohon soja kan yi shekara arba'in yana danne abin da ya gani a fagen daga, sai bayan ya bar aiki, gida ya yi shiru, mafarkan su dawo. Ƙwayar barci kuwa takan jefa tsoho cikin jiri, jiri ya kai shi ƙasa, ƙugu ya karye. Shi ya sa suka gwada koya wa dattawa gyaran lokacin kwanciya da tashi, ba tare da ƙwaya ba, suka kuma nuna cewa wanda ba likita ba ma zai iya koyar da hakan idan an horar da shi, ƙwararre na sa ido.

Matsalar ita ce dattawa da yawa suna ƙauyuka, nesa da irin wannan cibiya. Don haka daga 2008 aka fara wani shiri na ƙaro ilimi, da jagorancin wannan cibiya ta Los Anjeles, ga likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magunguna na ƙananan asibitocin karkara. Sukan ɗauki kwas mai zurfi kan lafiyar tsofaffi, sannan kowa ya koma asibitinsa ya zaɓi gyara guda ya aiwatar. Wani ya fara tantance masu haɗarin faɗuwa, wata ta bi jerin magungunan majinyatanta ɗaya bayan ɗaya tana rage waɗanda suka fi cutarwa.