Ƙugiya Mai Gashin Tsuntsu a Amurka, Birtaniya da Japan

Ƙugiya mai gashin tsuntsu dabarar kamun kifi ce da ba ta bukatar tana ko wani koto. Ana ɗaura gashi a jikin ƙugiya yadda idan ta shiga ruwa aka riƙa jan ta ana saki, kifi zai ɗauka ɗan ƙaramin kifi ne ko ƙwaro, ya kai mata cafka. Ana yin ta a ƙasashe da yawa, amma ɗaurin da gamawar sun bambanta, gwargwadon kifin da ake nema da daɗewar da ake so ƙugiyar ta yi.

A Amurka nauyin yana jikin ƙugiyar ne. Ana narka dalma a zuba a mazubi, ta daskare ta zama ɗan dunƙulallen kai a wuyan ƙugiyar. Masu farautar kifin crappie a tafkuna sun fi son ƙanana, masu nauyin gram ɗaya zuwa biyu. Fenti ake fara yi kafin ɗauri. Ana ɗumama kan a wuta, a tsoma shi cikin garin fenti ya narke ya manne, a tsokale idon ƙugiyar kada ya toshe, sannan a gasa a tanda na kimanin minti 20 don kada fentin ya ɓantare idan ya bugi dutse. Daga nan sai a damƙe ƙugiyar a mariƙin ƙarfe, a shimfiɗa zare a jikinta, a ɗaura wutsiya, a naɗe jikin da zare mai laushi da kauri. Gashin wutsiyar asalinsa na babba-da-jaka ne, tsuntsun nan na Afirka, amma yanzu na talotalo ake rinawa launi-launi. Darajarsa ita ce laushi: a cikin ruwa yana buɗewa yana tsukewa ko da mai fatsa bai motsa hannu ba. Shi ya sa ƙwararru ke taka-tsantsan a matakin ƙarshe. Bayan an yi ƙullin da ke ɓoye bakin zare a ƙarƙashin naɗin, ɗigo ɗaya na gam ko jan farce marar launi ya isa. Idan ya malala ya taɓa gashin, ya sandare ke nan, aikin ya lalace. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana mallakar gashin yawancin tsuntsayen dajin ƙasar, don haka na kiwo aka dogara da shi.

A gaɓar tekun Birtaniya abin ya fi sauƙi. Kifin da ake kira titus a kasuwannin Najeriya yana zuwa garke-garke lokacin zafi, kuma ba ya tsayawa zaɓe. Ana jera ƙugiyoyi uku zuwa shida a igiya ɗaya, kowace da 'yan gashin kaza fari ko rinanne, a rataya dalma guda a can ƙasa. Babu fenti, babu kai. Gishirin teku yana saurin sa ƙugiyar tsatsa, don haka ba wanda ke ɓata lokaci wajen ƙawata abin da za a yar ba da jimawa ba.

Japan ce ta kai gamawar matuƙa. A birnin Kanazawa, tun zamanin Edo na tarihin Japan ake ɗaura ƙananan ƙugiyoyi don kifin ayu na koguna, kuma mayaƙan samurai na yankin Kaga, inda birnin yake, sun riƙi wannan fatsa. Shagon Meboso, wanda aka kafa a 1575 yana sayar da allura, har yau yana yin su. Ƙugiyar ba ta wuce kimanin santimita ɗaya ba. Ana naɗe ta da zaren gashin tsuntsaye irin su ɗawisu, sili-sili, sannan a yi mata ɗan kai da ƙaron itacen urushi a lulluɓe shi da fallen zinariya. Wannan ba ado ne kawai ba: urushi idan ya bushe ruwa ba ya ratsa shi, zinariya kuma ba ta dusashewa, tana ƙyalli a ƙarƙashin ruwa ta ja idon kifi. Ba abin mamaki ba ne sana'ar ta kafu a nan, domin kusan duk fallen zinariyar Japan a Kanazawa ake bugawa.

Dalma kuwa ta zama abin damuwa, kuma da dalili, domin tsuntsayen ruwa suna haɗiye wadda ta tsinke su mutu da gubarta. Birtaniya ta hana ƙananan dalmar fatsa a 1987 bayan mutuwar tsuntsayen swan da yawa. A Amurka jihar New Hampshire ta hana ƙananan ƙugiyoyi masu kan dalma a 2016 don kare tsuntsun loon. Masu ɗauri a can sun koma ga kuza da bismut da tungsten. Gamin bismut da kuza yana narkewa da ɗan zafi kaɗan, don haka dole a rage wutar tanda wajen gasa fentinsa.