Idan Kowa Mugu Ne, Wa Zai Raba Faɗa?

Duk ƙungiyar da ta daɗe tana wasan labari, wata rana sai wani ya ce ya gaji da ceton gari, a bari wannan karon su ne za su ƙone shi. Kowa ya yi dariya, a amince. Daga ranar kuma ake soma wata irin rigima da ba a taɓa yi ba lokacin da kowa yake jarumin kirki.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya, ya ba shi suna da sana'a da hali, ya riƙa magana da bakinsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai jan labari: shi ke faɗin inda ake, da wanda aka tarar, da abin da ya biyo baya. In wani ya ce zai haura katanga ko zai yaudari mai gadi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, lambar da ta fito ta yanke hukunci. A Amurka aka fara sayar da irin wannan wasa a littafi, a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Mu a fadarmu ta Maraɗi da Faransanci muka fara karanta dokoki a salula, amma da Hausa muke wasan, a kan tabarma, butar shayi na kan gawayi. Yawancin dare ni ne mai jan labari.

Sha'awar zama mugu a labari ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun tashi muna jin yadda Gizo ke cutar kura da zaki, har da matarsa Ƙoƙi, muna kuma goya masa baya. Sai dai mai tatsuniya mutum ɗaya ne, shi ke san iyakar muguntar Gizo. A wasan labari baki biyar ne ke saƙa zance ɗaya, kowa kuma da abin da yake nufi in ya ce "mugu". Wani ɗan damfara yake so, mai bakin zuma, wanda zai sayar wa attajiri raƙumin da ba nasa ba. Wani yana so ya ga yadda mutumin kirki ke lalacewa sannu a hankali. Wani kuwa ya gaji da doka ne kawai, yana neman wurin da zai yi ɓarna ba mai tambayarsa. Duk ukun sun ce "na yarda", amma ba abu ɗaya suka yarda da shi ba.

Masu Dungeons & Dragons sun yi ƙoƙarin saka halayen mutane cikin gidaje tara: ta gefe ɗaya kirki da tsaka-tsaki da mugunta, ta ɗaya gefen bin doka da tsaka-tsaki da rashin tsari. Tsarin na taimaka wa sabon ɗan wasa ya samu madafa. Amma ban taɓa ganin ya kashe wata gardama ba. Sai ma ya zama sanda: wannan ya ce takardata ta ce ni mugu ne marar tsari, don haka dole in yi, wancan ya ce mugu mai bin doka ba ya karya alƙawari. Ana cikin haka dare ya raba, ba a ci gaba da labari ba.

Akwai daren da nake yawan tunawa in ana wannan zance. Labarin da muke ja na ƴan fashi ne na zamanin da, masu tare ayarin gishiri da ke fitowa daga Bilma. Sun kwashe kaya, sai aka samu yaron madugu ɓoye bayan mangala, ya ga fuskokinsu. Abokinmu tela, wanda ke wasan shugaban ƴan fashin, ya ce a ɗaure yaron a aika wa ubansa ya kawo fansa, in bai kawo ba a yanka shi. Ya ma fara tsara saƙon da za a kai, yana kwaikwayon murya, saura na dariya. Ƙaraminmu, ɗalibi, ya ce mutuminsa ba zai yarda ba. Tela ya ce, "Haba ƙanena, mu fa ƴan fashi ne, ba ƴan agaji ba." Yaron ya ce, "Yaya, kai dai ba ka da tausayi." Nan na ajiye ƙwaya, na ce a zuba shayi na biyu tukuna.

Kalma ɗaya ce ta sa na tsayar da wasa, kalmar "kai". Muddin ana cewa "shi", shugaban ƴan fashi azzalumi ne, shi ba shi da imani, to rigimar tana cikin labari, kuma ita ce gishirin wasan. Ƴan fashi biyu su yi cacar baki a kan yaro, ɗaya ya zare takobi, ɗaya ya kwance yaron cikin dare, wannan shi ne abin da muka zauna dominsa. Da zarar an koma "kai", magana ta bar mutanen ƙirƙira ta dawo kan mutanen da ke zaune. Ƙwaya ba ta raba irin wannan. In ka ce a jefa a ga wa zai yi rinjaye, wanda ya faɗi zai tafi gida da abin a ransa.

Da muka keɓe, ɗalibin ya gaya mini abin da ba kowa ya sani ba. Danginsa na wajen Madarunfa, kusa da iyaka, inda masu satar mutane suka addabi ƙauyuka, kuma gidansu an taɓa sayar da shanu don a fanso wani nasu. Muryar da tela ke kwaikwayo don a yi dariya, shi ya san masu jin irinta a waya da gaske. Da izininsa na faɗa wa tela. Bai yi musu ba, ya ce wallahi bai sani ba. Muka koma baya kaɗan a labarin: yaron madugu ya tsere cikin duhu, ya kuma zama shaidar da za ta bi su har Agadas.

Amma tela ya yi wata magana daga baya da nake ganin tana da nauyi. Ya ce in za a cire duk abin da ke sosa rai, to a daina kiransa wasan miyagu, a koma ceton gari. Gaskiyarsa. Mugun da ba ya cutar kowa ba ya koya wa kowa komai, ba ya ma ba da tsoro. Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne hujjar nan da ake ji a kowace ƙungiya: "ai halin mutumina ne." Mutumin nan bai faɗo daga sama ba. Kai ka gina shi, kai ke zaɓar masa abin yi a kowane zagaye. Azzalumi na da hanya goma ta zalunci. In ka zaɓi wadda za ta tayar da abokinka daga tabarma, zaɓinka ne.

Masu wannan wasa a wasu ƙasashe sun riga mu cin karo da matsalar, sun kuma samo dabaru. Ron Edwards ya bambanta abu biyu a wani littafinsa na 2003: abin da aka ja wa layi, ba zai shiga labari ba sam, da abin da aka saka wa labule, ana iya cewa ya faru amma ba a kwatanta shi. John Stavropoulos kuma ya kawo kati mai alamar X da ake ajiyewa a tsakiya, duk wanda ya taɓa shi an wuce wurin, ba tambayar dalili. Mu ba mu da kati, ƙaramin kofin shayi muke kifewa. Rashin tambayar dalili shi ne muhimmi, domin a wurinmu ƙarami ba ya iya buɗe baki ya ce wa babba "ka daina", kuma ba kowane ciwo mutum ke son faɗa a bainar jama'a ba.

Yanzu kafin mu fara kowane labarin miyagu, dare guda muke warewa ba a jefa ƙwaya. Tun ran gini tun ran zane. Kowa zai amsa tambaya uku game da mutuminsa: me ba zai taɓa yi ba ko da za a kashe shi, wa yake ƙauna, kuma me ya sa yake bukatar sauran. Sai mu yanke ko an yarda ƴan ƙungiya su ci amanar juna, domin satar jakar abokin tafiya ta fi kisan sarki jawo fushi na gaske. Abin mamaki, tun da muka fara haka miyagunmu suka ƙara muni. Ɗan fashin da ke aika wa tsohuwarsa hatsi duk kaka ya fi wanda ba shi da kowa tayar da tsikar jiki.

Sauran aikin na mai jan labari ne, kuma ba wa'azi ba ne. Duniyar labarin ce za ta rama. A Vampire: The Masquerade, wanda ya fito a 1991, kowane mai shan jini na da ma'aunin mutuntaka daga 10 zuwa 0, mugun aiki na rage shi, in ya kai 0 an karɓe mutumin daga hannun mai wasa da shi. A Blades in the Dark na John Harper, na 2017, aikin da ƙungiyar ɓarayi ta yi yakan ƙara jawo mata idon hukuma, in an yi kisa kuwa adadin ya ƙaru. Na ari wannan tunani. Wanda ya ƙone rumbu a labarinmu zai dawo garin da rani ya tarar ba mai sayar masa da ruwa. Ba na hana shi gina ramin mugunta, ina dai tabbatar da cewa ramin na nan in ya juyo.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba na fatan a daina gardama a kan wane ne ya wuce gona da iri, don rabin daɗin wasan ke nan. Abin da nake saurare kawai shi ne ko har yanzu "shi" ake cewa. In kuna shirin fara irin wannan wasa a taku fadar, ku fara da daren tambayoyin nan uku, ku kuma ajiye kofi ɗaya a tsakiya inda hannun mafi ƙanƙanta zai kai.