Waƙa a Bakin Mai Ita: 'Yan Kallon Agege da Fim ɗin Talakawan Faransa

Tun zamanin da gidan silima na Pen yake tashe, har ya bar wa mararrabar da yake kai sunansa, mutanen Agege ta birnin Ikko ba baƙin kallo ba ne. Sun kalli na Indiya, sun kalli na kaboyi, sun kalli na mutanen Sin masu faɗa da hannu. Yau gidan silimar ya zama tarihi, gadar sama ce aka buɗe a wurin cikin shekarar 2021, amma kallo bai mutu ba, ya dai koma cikin wayar hannu da shagunan masu tura fina-finai. Ta wannan hanya ce wani fim na ƙasar Faransa ya faɗo hannun waɗansu samari na Zangon Agege, har ya jawo gardama tsakanin wani uba da ɗansa, gardamar da ta cancanci masu karatu su ji, domin ta shafi kowane Bahaushe mazaunin kudu.

Sunan fim ɗin Les Misérables, watau miskinai, an kuwa fito da shi cikin shekarar 2019. Wanda ya shirya shi, Ladj Ly, iyayensa mutanen ƙasar Mali ne, ya kuma tashi a Montfermeil, wata unguwa ta dogayen benaye a bayan birnin Faris, inda talakawa suka fi yawa, galibinsu 'ya'ya da jikokin waɗanda suka zo daga Afirka neman abinci. Labarin ba shi da tsawo. Wani yaro mai suna Isa ya saci ɗan zaki daga wurin masu wasa da namun daji. 'Yan sanda uku suka bi sawunsa, a wajen kamun ɗayansu ya harbe shi da harsashin roba a fuska. Ashe wani yaron ya ɗauki hoton abin da ya faru da ɗan jirginsa marar matuƙi. Daga nan sai hankalin kowa ya koma kan hoton, 'yan sanda suna son su ɓatar da shi, manyan unguwa kuwa kowa yana son ya riƙe shi don biyan tasa bukatar. Daga ƙarshe yaran unguwar suka yi wa 'yan sandan kwanton ɓauna a matakalar bene.

A shagon wani tela aka fara kallon, wani saurayi mutumin Maraɗi yana fassara wa sauran daga Faransanci. Cikin 'yan kallon akwai wani matashi haifaffen Agege, wanda Yarabanci ya zauna a bakinsa kamar Hausa. Sana'arsa acaba ce, har lokacin da gwamnatin Jihar Legas ta hana hayar babur a ƙananan hukumomi shida ran 1 ga watan Yuni na shekarar 2022. Agege ba ta cikinsu, amma Ikeja maƙwabciyarta tana ciki, can kuwa aka kama babur ɗinsa, tun bai gama biyan bashin sayensa ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyar wannan matashi ba faɗan ƙarshe ba ne, farkon fim ɗin ne. An nuna yaran unguwar sun yafa tutar Faransa sun shiga tsakiyar birni suna murnar cin kofin ƙwallon ƙafa na duniya na shekarar 2018, baƙi da fari ana rungumar juna. Ba a jima ba sai ga irin yaran nan ana tare su a bakin titi ana lalube su. Matashin ya ce wannan ba ya bukatar tafinta. Ranar da Nijeriya ta ci ƙwallo kowa ɗan ƙasa ne, amma ranar da aka fito kame, shi da aka yanke wa cibiya a Agege sunansa "aboki", kuma baƙo ne.

Da ya koma gida sai ya matsa wa mahaifinsa lalle ya kalla. Mahaifin nan dattijo ne mai fataucin goro, ya fi shekara 40 a Ikko. Ya zauna ya kalla har ƙarshe, bai ce uffan ba. Da aka gama ya tambayi ɗan nasa, "Yanzu kai wannan ne ya burge ka?"

Ɗan ya ce, "Baba, ai gaskiya suka faɗa."

Dattijo ya ce, "Gaskiya ce, amma guntuwa. Ina waɗanda suke fita tun asuba su share titi, su tuƙa mota, su yi jinyar marasa lafiya? Mutum dubu nawa ne a benayen nan da ba su taɓa jifan kowa ba? Wanda bai san unguwar ba, in ya ga wannan, gobe yaron can ya je neman aiki ya faɗi inda ya fito, ka ce za a ɗauke shi? Wannan tonon silili ne, ɗana. Tsiraicin gida ba a kai shi kasuwa."

Wani maƙwabcinsu, tsohon ɗan sanda da ya koma gadi bayan ya yi ritaya, shi kuma tausayin 'yan sandan ya ji. Ya ce duk wanda bai taɓa tsayawa shi kaɗai tsakiyar taron da ya fusata ba, ba zai san yadda hannu yake riga hankali ba.

Abin lura shi ne, yadda ra'ayi ya rabu uku a wannan gida na Agege, haka yake rabuwa a Faransa kanta duk lokacin da aka yi irin wannan fim. Cikin shekarar 1995 da aka fito da La Haine, watau ƙiyayya, na Mathieu Kassovitz, ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na garin Cannes, Firayim Minista Alain Juppé ya sa aka nuna wa ministocinsa, 'yan sanda kuwa suka yi fushi da shi. Bayan shekara goma, a watan Oktoba na 2005, samari biyu suka mutu a gidan wutar lantarki na Clichy-sous-Bois, maƙwabciyar Montfermeil, sa'ad da suke guje wa 'yan sanda, tarzoma ta ɓarke har kusan mako uku, sai da aka kafa dokar ta-ɓaci. Fim ɗin Ladj Ly shi ma ya sami lambar yabo a Cannes, aka kuma zaɓe shi gwarzon fina-finan Faransa a 2020. A 2021 aka yi wani mai suna BAC Nord, wanda ya ba da labarin unguwannin Marseille ta ɓangaren 'yan sanda. Masu suka suka ce ya mai da mazauna wurin tamkar namun daji, 'yan siyasa masu ƙyamar baƙi kuwa suka yaba masa. Duk da wannan kallo da yabo da suka, a watan Yuni na 2023 ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 17 a Nanterre, wuta ta sake tashi.

Tsoron da dattijon nan ya ji ba na banza ba ne, kuma ba sai an je Turai za a ga misalinsa ba. A watan Afrilu na 2023 aka fito da Gangs of Lagos na Jade Osiberu, wanda ya nuna Isale Eko, tsohuwar unguwar tsibirin Ikko, a matsayin matattarar 'yan daba, har da masu kisa sanye da kayan dodon Eyo. Ƙungiyar 'ya'yan Isale Eko ta ce an ci mutuncin al'adarta, gwamnatin jiha ta yi tir, aka kai ƙara kotu, a 2025 aka sasanta bisa sharaɗin masu fim ɗin su nemi gafara. Mutanen Isale Eko suna da ƙungiya, suna da lauyoyi, suna da masu faɗa a ji. To, Bahaushen Ikko fa? Shekara da shekaru ana nuna shi a fina-finan kudu a matsayin maigadi mai gurguwar Turanci wanda aka ajiye don a yi dariya, ana kallo ana wucewa.

Alhali kuwa zaman Hausawa a Agege ya haura shekara ɗari. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Ikko ta ratsa ta Agege, ta isa Kano, gonakin goro suka bunƙasa a kewayen garin, fatake suka sauka suka kafa zango, suka yi sarkinsu, suka gina masallatai da makarantu, suka yi auratayya da masu masaukinsu. Haka kuma a Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago da kasuwar Mil Sha Biyu. Amma yaushe sauran jama'ar ƙasa suke jin sunan waɗannan unguwanni? Sai ranar da jini ya zuba, kamar rikicin Idi-Araba na watan Fabrairu na 2002, ko na Mil Sha Biyu na watan Maris na 2016 da ya sa aka rufe kasuwar. Dubban ranakun da aka yi ciniki lafiya, aka ci biki tare, aka yi jana'iza tare, babu mai ba da labarinsu.

Saboda haka uban yana da gaskiya, ɗan ma yana da gaskiya. Sai dai akwai abin da ya raba fim ɗin Ladj Ly da na masu leƙe daga waje. Shi ɗan unguwar ne. Tun yana saurayi yake yawo da na'urar ɗaukar hoto, a 2008 ma ya ɗauki hoton 'yan sanda suna dukan wani matashi da aka riga aka sa wa ankwa, abin da ya jawo aka bincike su. Shi ya sa a fim ɗinsa ba a mai da kowa shaiɗan ba, ba a kuma mai da kowa waliyyi ba. Akwai ɗan sanda mai imani, akwai tsohon ɗan daba da ya tuba ya kama addini yana sayar da abinci, akwai shugaban unguwa mai ci da gumin talakawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bai kuma tsaya nan ba, a 2018 ya buɗe makarantar koyon shirya fim kyauta a yankinsu, don yaran wurin su riƙa faɗin labarinsu da bakinsu.

Bayan kwana biyu dattijon ya sake kiran ɗansa, ya ce akwai abin da ya hana shi barci. A ƙarshen fim ɗin an bar Isa tsaye da kwalbar fetur mai cin wuta a hannu, ɗan sanda ya auna shi da bindiga, aka rufe ba a nuna wanda ya riga wani ba. Ya ce ya yi ta tunanin abin da ya kai yaron nan wurin, sai ya ga ba harsashin ba ne kaɗai. Sa'ad da aka raunata shi, manyan unguwa sun taru, amma kan hoton suka yi ciniki, suka kashe maganar tsakaninsu, ba wanda ya tsaya ya nema wa yaron hakkinsa. Ya ce, "Ranar da aka kama babur ɗinka, me na ce maka?"

Ɗan ya ce, "Cewa ka yi in yi haƙuri, Baba, mu baƙi ne."

Dattijo ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Haƙuri gaskiya ne. Amma kai ba baƙo ba ne."

Wannan ita ce ribar kallon. Rufin asiri hali ne na kirki, amma ciwon da aka rufe ba a wanke ba ruɓa yake yi. Yaron da aka haifa a wuri, ya ga hukuma ba ta san da shi ba, dattawansa kuma ba su da abin ba shi sai haƙuri, wata rana zai daina sauraron kowa. Ya kamata sarakunan Hausawa da malamai da attajiran unguwannin Ikko su riƙa bin kadin samarinsu ta hanyar doka tun abu yana ƙarami, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Masu shirya fina-finan Hausa kuma, waɗanda suka fi son labarin falo da soyayya, su tuna akwai 'yan'uwansu a kudu da labari ya cika musu baki. Samarin Agege kuwa wayar da suke kallon labarin wasu da ita tana ɗaukar hoto. In ba su nuna unguwarsu da kansu ba, da daɗinta da ɗacinta, lalle wani zai zo ya nuna ta yadda ya ga dama, sa'an nan a koma ana kuka a ƙofar kotu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, amin.