Lambun Inna Bayan Hunturu

Masu iya magana kan ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Mu dai ba mu karɓi wannan magana da zuciya ɗaya ba, sai ranar da hunturu ya gama ɓarna a lambun mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ya bar mu tsaye da adda a hannu muna shawarar abin da za mu sare.

Lambun ba wani babba ba ne. Ɗan fili ne a bayan gidanmu da ke unguwar Gwange, ba nisa da kogin Ngadda. A nan Inna ta kafa ayaba gindi uku da gwanda da shuwaka da ciyawar shayi, sannan ta dasa lalle a jikin katangar gabas. Duk 'yarta da aka aurar, da ganyen wannan lalle aka yi mata ƙunshi, saura autarmu kaɗai, wadda aka tsayar da bikinta bayan Babbar Sallar 2025. Da madatsar ruwa ta Alau ta fashe a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya kwana ya yini a lambun har gwanda ta ruɓe a tsaye, domin kuwa saiwarta ba ta jure kwanciyar ruwa. Ayaba da shuwaka da lalle suka tsira da ƙyar. A watan Oktoba muka kwashe laka, muka dasa sabuwar gwanda guda shida, muna zaton mun ga ƙarshen wahala.

Mai karatu zai iya tambaya, wane irin sanyi ne a Maiduguri da har zai kashe shuka? Gaskiya ne, ba mu da irin sanyin ƙasashen Turai, inda ma'auni kan faɗi ƙasa da sifiri, ruwan da ke cikin ganye ya daskare ya zama ƙanƙara, ya farfasa shi daga ciki. Namu sanyin na asuba, a watannin Disamba da Janairu, yakan tsaya wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ya ɗan gota ƙasa. Amma wannan ya ishi ayaba ta daina girma, tun da ita 'yar ƙasar ɗumi da laima ce. Bugu da ƙari, sanyin ba shi kaɗai yake zuwa ba. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas busasshiya ce ƙayau, tana zuƙe ruwan ganye fiye da yadda saiwar da sanyi ya kasalar za ta iya mayarwa. Tana kuma ɗauke da ƙurar da ta kwaso daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda a dā can ƙasan tsohon tafki ne. Ƙurar nan takan lulluɓe ganye, ta tare masa hasken rana.

Kafin tsakiyar Janairu lambun ya koma abin tausayi. Ganyen ayaba ya tsattsage kamar tsumma, gefensa ya ƙone. Ciyawar shayi ta zama harawa. Gwanda ta yi rawaya, ganyenta na ƙasa suka rataye. Lalle kuwa ya kakkaɓe ganyensa tas, ya tsaya tsirara sai ka ce icen girki. Mu kuma, saboda tsananin son mu cece su, muka shiga yin abin da muke gani gata ne. Muka yanke duk busasshen ganyen ayaba don wurin ya yi kyan gani. Muka riƙa malala wa gwanda ruwa kowace magariba. Har takin zamani muka barbaɗa, wai ko sa farfaɗo. Da muka ga abin sai gaba yake yi, babban wanmu ya ce a sare lallen, a sayo na kasuwa idan biki ya zo. Autarmu ba ta ce uffan ba, ta shige ɗaki.

A wannan rana ce Allah Ya kawo wani dattijo mai noman rani a bakin kogi, wanda ya saba kawo wa Inna taki a kan kekensa. Ya tarar da mu a gindin lallen, ya dubi addar, ya dube mu.

"'Ya'yana, me ya yi muku?"

Muka ce, "Baba, ai ya mutu."

Bai amsa ba. Sai ya kama wani siririn reshe, ya kankare ɓawonsa da farce, muka ga fari busasshe. Ya sauko ƙasa kaɗan ya sake kankarewa, haka nan. Da ya kai kusa da gindi, sai ga kore shar, da danshinsa. Ya ce, "Wannan barci yake yi. Ba a yi wa mai barci sutura." Daga nan ya tona gindin gwanda ɗaya da yatsa, ya shinshina ƙasar, ya girgiza kai. Ya ce ita kam ba jaura ce ta kashe ta ba, ruwanmu ne, domin shukar da sanyi ya kama ba ta shan ruwa sosai, abin da aka zuba da magariba kwana yake yi a gindinta yana ruɓar da saiwa. Game da ayaba kuwa, ya ce busasshen ganyen da muka yanke shi ne bargonta, shi ke tare wa zuciyarta iska.

Abin da ya umarce mu da shi bai taka kara ya karya ba. Mu kafa zana a ɓangaren da iska ke fitowa. Mu shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewayen kowace shuka, amma kada ta taɓa jikinta. Mu ba da ruwa da hantsi, kuma sai ƙasa ta sha iska. Mu riƙa yayyafa wa sauran ganyen ruwa don wanke ƙura. Taki kuwa a ajiye shi sai an ga toho. Uwa uba, kada adda ta sake shiga lambun sai zafi ya dawo, lokacin da itacen da kansa zai nuna iyakar inda ya mutu. Ya nuna mana dogon yaron ƙofar gida, wanda aka kawo irinsa Borno tun wajen 1928, ya ce shi ma da duk ƙarfinsa yakan zubar da ganye a ƙarshen rani, ba wanda ya taɓa ɗaukar masa gatari saboda haka.

Jiran nan ya fi aikin wuya. Kusan mako shida muna duban ƙirare. Sai da azumi ya kama a farkon Maris, dare ya fara ɗumi, sannan wata safiya autarmu ta ƙwala mana kira. Ƙananan toho ne jajaye-jajaye suka fito a jikin lallen, kamu ɗaya daga ƙasa. A sannan muka datse abin da ya bushe, daidai saman tohon. Uwar ayaba ɗaya ta faɗi, amma 'ya'ya biyu suka ɓullo daga gindinta. Shuwaka da ciyawar shayi suka taso kamar ba abin da ya same su. Cikin gwanda shida, biyu suka rayu. Ɗaya ma sai da aka guntule kanta, aka kifa mata gwangwani don kada ruwa ya shiga ramin cikinta, ta yi rassa ta gefe. Huɗun da suka tafi, mun san hannun da ya kashe su.

A watan Yuni aka tsinki ganyen lallen, aka shanya a inuwa, aka daka. Bai kai yawan na shekarun baya ba, amma ya ishi hannu da ƙafar amarya, ya kuma kama ja wur kamar yadda Inna take so. A daren ƙunshin, babban wanmu ya ɗauko addar nan ya rataye ta can a bayan rumbu. Har yanzu idan jaura ta fara kaɗawa, mukan kafa zana tun da wuri, kuma duk reshen da ya yi kama da matacce, sai mun sa masa farce kafin mu yanke masa hukunci.