Tsagar Sandar Kawu

Wata uku na yi ina zana akwatuna a aji ban san abin da nake zanawa ba. Akwati, kibiya, wani akwatin, ƙaramar da'ira mai alamar tarawa da ta debewa, sai wata kibiya da ke juyowa baya kamar wadda ta yi mantuwa a gida. Na haddace lissafin, na tsallake jarrabawa da ƙyar. Ashe abin yana Janbako yana jirana, cikin laka har ƙauri!

Hutu na zo, ana tsakar noman rani. Ruwan da ake ba shinkafa a yankinmu daga madatsar Bakolori yake fitowa, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Yana bin manyan magudanai zuwa ƙanana, ta ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura, har ya iso bakin gona. Kawu ya kafa sanda a ƙarshen fangali, ya yi mata tsaga da wuƙa. Ya ce, "Kai ɗan nan, ruwa shi tsaya ga wagga tsaga. Ni za ni kasuwa."

Aikin yara, na ce a raina. Na ɗaga katakon da ke tare bakin ruwa, na ruga na duba sanda. Shiru. Na ƙara ɗagawa. Shiru. Na cire shi gaba ɗaya. Kafin in ankara ruwa ya haɗiye tsaga, ya ɓalle ta gefe, ya nufi gonar maƙwabci! Na toshe gam. Ƙasa ta sha, rana ta sha, tsaga ta fito fili tana yi mini dariya. Na sake buɗewa, ya sake yin ambaliya. Sau uku ina kai da komowa kamar mai safa da marwa.

Na zube a bakin magudana ina haki, na ɗauki tsinke ina zane a laka don huce haushi. Nan gabana ya faɗi. Tsagar nan ita ce abin da ake so. Idona da ke duba sanda shi ne kibiyar da ke komowa baya. Da'irar nan mai debewa kaina ne, yana auna tazarar da ke tsakanin tsaga da ruwa. Hannuna a kan katako akwati ne, fangalin kansa wani akwatin. Wallahi sai da na yi ihu ni kaɗai, wani mai keke ya waiwayo.

Kuma na gano akwatin da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba: jinkiri. Ruwa na ɗaukar lokaci kafin ya ratsa daga katako zuwa sanda, don haka labarin da idona ke kawowa tsoho ne. Mai gyara da ƙarfi bisa tsohon labari dole ya wuce gona da iri, ya dawo, ya sake wucewa. Tangal-tangal ɗin da malaminmu ya cika allo da lissafinsa ke nan, ga shi ya jiƙa mini wando.

Daɗin zanen shi ne bai damu da abin da ke cikin akwatin ba. Sa fetur a madadin ruwa, ka samu janareta mai daidaita gudunsa idan an ƙara masa lodi. Sa ƙwallon roba, ka samu tankin da ke rufe kansa in ya cika, dabarar da 'ya'yan Musa bin Shakir suka yi aiki da irinta a Bagadaza tun ƙarni na 9. Harold Black kuwa, a 1927, a cikin jirgin fito a New York ya zana tasa kibiyar a jikin jarida, ta gyara muryar wayar tarho mai nisa.

Da la'asar Kawu ya dawo. Ya ɗaga katako yatsa biyu kacal, ya zauna, ya ɓare goro. "Ruwa ba shi amsa kira nan take," in ji shi. Na ja shi na nuna masa zanena, ina bayani baki har kumfa. Ya daɗe yana kallo.

"To, ina wanda ka bisa gare mu, mai buɗe tashi ƙofa ba sallama, ruwanmu shi rage?"

Na sake ɗaukar tsinke, na ƙara kibiya ɗaya tana shigowa daga gefe.