Liverpool, garin da ya ɗaukaka mawaƙinsa

Liverpool babban gari ne a bakin teku, can arewa maso yammacin Ingila. A da, tashar jiragen ruwa ce ke ciyar da mutanensa. Da aikin tashar ya ja baya, rashin aiki ya yi yawa.

A garin aka haifi John Lennon, a shekarar 1940. Shi da samari uku suka zama ƙungiyar Beatles. Kiɗansu na gita da ganga, shi ake ce ma rok. Tushensa daga kiɗan baƙar fatar Amurka yake. Sun rabu a 1970. An harbe Lennon a birnin New York a 1980.

A 2001, aka raɗa ma filin jirgin garin sunansa. Baƙon da ya sauka zai ga mutum-mutuminsa na tagulla cikin zaure. Zai ga hotunan mawaƙan da kalmomin waƙa a bango.

Irin wannan ado, yanzu ba sai da fenti ba. Inji ke buga hoto bisa leda mai kauri, mai gam a baya. Ma'aikata su manna ta, su lailaye. In ta tsufa a ɓare, a sa sabuwa.

Yau baƙi na zuwa daga ƙasashe da yawa don Beatles. Suna kama ɗaki, su ci abinci, su yi tsaraba. Jama'a, garin da ya girmama mai sana'arsa, kansa ya yi ma.